Sufacaja don Ƙarfin Tashi: Yadda Za Ka Zaɓi Iri da Girman da Ya Dace da Injinka a Zafin Saudiyya

Tambayar nan ta yi ta zuwa daga Jidda da Makka, har daga 'yan'uwanmu mazauna Riyad: ina son motata ta riƙa ja da ƙarfi tun daga ƙasa, wace sufacaja zan ɗaura, kuma mai girman nawa? Sufacaja dai na'ura ce da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Kusan duk mai tambayar ya riga ya ƙwallafa rai a kan babbar da ya gani a bidiyo. Amsata ɗaya ce a kullum. Idan ƙarfin ƙasa kake nema, wato tsakanin juyi 1,500 da 3,500 a minti, inda mota ke tashi daga cikin yashi mai laushi, ko jan tirela, ko hawan dutsen Hada da iyali cike, to matsakaiciyar sufacaja mai ɗiban iska da awo ta fi maka babbar da aka yi don tsere. Ga matakan a jere. A bi su yadda suke, domin yawancin asarar da nake gani a Sana'iyya, wato unguwar makanikai, daga sayen kaya kafin a yi awo take fitowa.

1. Fara sanin inda injinka yake rayuwa

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, yi mako guda kana tuƙi idonka na kan allurar juyin inji. Lura da inda take tsayawa a lokacin da kake jin motar ta gaza maka. Mai Land Cruiser da ke fita yashin Sumama kusa da Riyad da yara ranar Juma'a, zai tarar matsalarsa tana wajen 2,000 zuwa 3,000, musamman idan ya tsaya a tsakiyar tudu yana son sake tashi. Mai GMC da ke jan tirelar dawaki ko raƙuma, shi ma nan yake. Amma saurayin da ke gasar hawa dogon tudu totur a ƙasa, allurarsa ba ta saukowa daga 5,000. Buƙatarsu ba ɗaya ba ce, kuma wannan jagorar ta mutum biyun farko ce.

Ka sa garinka cikin lissafi. Jidda da Damam a bakin teku suke, Riyad na kan tsayin mita 600 ko kusa da haka, Ɗa'ifa ta doshi 1,900, Abha ta haura 2,200. Inji marar sufacaja yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 da ka hau, saboda iska tana yin sirara. Sufacaja takan mayar maka da abin da dutse ya ƙwace, sai dai agogon bust, wato ƙarin matsin iskar da take bayarwa, zai nuna ƙasa da abin da yake nunawa a Jidda. Wannan ba lalacewa ba ce, kada ka bari a canza maka fuli, wato faifan da bel ke juyawa, a kansa.

2. Zaɓi iri kafin girma

Iri uku ne a kasuwa, duka bel ne ke jansu daga karanshaf, amma halinsu a ƙasan juyi ya sha bamban.

Na farko shi ne Roots, wanda kamfanin Eaton ya fi shahara da shi. Ƙarafa biyu ne masu kunnuwa suke juyawa cikin akwati. Tamkar mudu yake: kowane juyi ya ɗebo iska gwargwado ɗaya ya zuba wa inji, ko a hankali yake juyawa ko da sauri. Shi ya sa da zarar ka taka totur a juyi 1,800 bust ya riga ya iso. Tsofaffin samfuri irin su M62, M90 da M112 suna ɗumama iska sosai. Sababbin da ake kira TVS, masu kunnuwa huɗu a murɗe, sun fi su sanyi nesa ba kusa ba, kuma su ne a cikin kayan da Magnuson, Harrop da Edelbrock ke haɗawa.

Na biyu shi ne mai dunƙule biyu kamar sukurori masu shiga juna, irin na Whipple da Kenne Bell. Shi ma da awo yake ɗiba, don haka ƙarfin ƙasa yana nan. Bambancinsa shi ne yana matse iskar tun a cikin cikinsa kafin ya sake ta, abin da ke ba shi fifiko idan ana neman bust mai yawa. A bust ɗin psi 6 zuwa 8 (psi ma'aunin matsin iska ne) da injin da ba a taɓa buɗewa ba yake iya ɗauka, tazarar da ke tsakaninsa da TVS ba ta kai a yi musu a kanta ba. Wanda ka samu da cikakkun kayansa na motarka, ɗauke shi.

Na uku shi ne mai farfela, irin ProCharger, Vortech da Rotrex. A nan ne mutane ke faɗawa rami. Farfela ba ta ɗiba da awo, wurga iska take yi, kuma matsin da take bayarwa yana tashi ne daidai da juyi sau juyi. Ma'ana, idan an saita ta ta ba da psi 8 a juyi 6,000, a 3,000 abin da za ka samu bai wuce psi 2 ba, a 2,000 kuwa ko ɗaya bai cika ba. Na ga Sierra da aka ɗaura wa irin wannan, takardar daino, na'urar auna ƙarfin mota, ta nuna dawakai masu ban sha'awa, amma da mai ita ya tsaya a rabin tudu ya so tashi, motar ba ta bambanta da ranar da ta fito daga kamfani ba, sai ma nauyin jan farfelar da ya ƙaru mata. Ba a cuce shi da jabun kaya ba, kayan kirki ne aka sayar masa don aikin da ba nasu ba.

Kada a ɗauka raina mai farfela nake yi. Iskarta ta fi sanyi, tana sassauta wa giya da difa tunda ƙarfinta a hankali yake shigowa, kuma ga mai gudun doguwar hanya tana da daɗi. Ƙarfin tashi ne kawai ba sana'arta ba.

3. Lissafa girman, kada ka yi kintace

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, don haka ka zauna da biro da takarda.

Lambar da ke jikin sufacaja mai awo tana faɗin iskar da take ɗiba a juyi guda. TVS1320 lita 1.32 ce, TVS1900 lita 1.9, TVS2300 lita 2.3, TVS2650 lita 2.65. M90 kuwa wajen lita 1.5 take. Shi kuma injin mota yana shaƙar rabin girmansa ne a kowane juyi. Abu na uku shi ne fuli: raba faɗin fulin karanshaf da faɗin fulin sufacaja, ka samu sau nawa take juyawa a juyin inji ɗaya.

Ɗauki injin Toyota 5.7 na Land Cruiser da Lexus LX570. Rabinsa lita 2.85. Ka ɗaura masa 1.9 da fulin da ke juya ta sau 2.2, za ta turo lita 4.18. Raba 4.18 da 2.85, ka samu 1.47. Cire 1, saura 0.47, wato kusan rabin bar, wajen psi 7. Ga injin 4.0 na shas (Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya) da Prado da FJ, rabinsa lita 2, sufacaja 1.32 sau 2.2 ta ba da 2.9, ka sake sauka kusa da wannan adadin. Lissafin nan na kusa ne, zafi da yoyon iska da shaƙar injin kansa za su ɗan motsa shi sama ko ƙasa, amma ya isa ya hana a yi maka wayo.

Yanzu ga abin da masu son babba ba sa gani. A ce kan wannan 5.7 ɗin ka ɗora 2.65. Tunda fistin ɗinka da fetur ɗinka ba za su ɗauki fiye da psi 7 ba, dole ka rage mata gudu zuwa kusan sau 1.6. A juyin inji 1,500, ƙaramar tana yin 3,300, babbar tana jan jiki a 2,400. Tsakanin ƙarafan nan da bangon akwati akwai 'yar tazara siririya da iska ke komawa baya ta cikinta, kuma wannan yoyon ba ya jiran kowa, yana nan ko ana juyi da sauri ko a hankali. Idan juyin ya yi ƙasa, rabon da yoyo ke ci cikin abin da aka ɗebo sai ya yi yawa. Ga kuma nauyin manyan ƙarafa da inji zai fizga duk sanda ka taka. Sakamakon shi ne ƙaramar ta riga babbar cika bust a ƙasa. A sama kuma labari ya juya: a juyi 6,000 ƙaramar tana 13,200 tana dafa iska, babbar tana ƙasa da 10,000 hankalinta kwance.

Kamfanonin mota ma haka suke aunawa. General Motors ya sa 1.9 a kan injin 6.2 na Cadillac CTS-V ta 2009 mai doki 556, ya sa 2.3 a kan Corvette ZR1 ta wannan shekarar mai doki 638. Da ya zo yin Corvette Z06 ta 2015, sai ya sauko zuwa 1.7 a kan 6.2 ɗin dai, ya ƙara mata gudu, ya samu doki 650 da ƙarfin murɗawa mai yawa tun daga ƙasa. Ita kuma 2.65, Ford ya ba Mustang GT500 ta 2020 ne, injin da ke kaiwa doki 760 a juyi sama da 7,000. Ka tambayi kanka sau nawa Patrol ɗinka take ganin 7,000.

A nawa ra'ayin, ga injin da ba a canza masa fistin ba: 4.0 ya tsaya tsakanin 1.3 da 1.5, har zuwa 1.9 idan kayan da aka haɗa wa motar ke nan. Daga 4.6 zuwa 5.7, ciki har da 5.3 na Tahoe da 5.6 na Patrol, 1.9 zuwa 2.3 ya wadatar. Injin 6.2 ya ɗauki 2.3. Idan kana da niyyar buɗe inji nan gaba ka ƙarfafa shi ka ƙara bust, to sayen 2.65 tun yanzu yana da hujja, amma ka san abin da ka saya.

Gargaɗi: ƙanƙanta ma tana da iyaka. Kowace sufacaja tana da juyin da kamfaninta ya ce kada a wuce. Ninka iyakar juyin injinka da lissafin fuli ka kwatanta. Rage fuli don neman ƙarin psi biyu yana rage wurin da bel ke kamawa, ya ƙara zafi, sau da yawa agogo ya nuna ƙari amma motar ta rage ja.

4. Duba lafiyar injin da za ka ɗora wa kaya

Auna matsin kowace silinda da inji a ɗumi. Idan tazarar mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100, tsaya nan. Yi gwajin hura iska cikin silinda don a ji ko ta ringi ko ta bawul take zurarewa. Injin da ke shan baƙin mai, ko allurar zafinsa ke motsi a cunkoson Jidda da AC a kunne, a gyara shi tukuna. Sufacaja ba ta warkar da inji, tona asirinsa take yi.

Giya ita ce ta biyu, kuma mutane na mantawa da ita. Ƙarfin ƙasan da kake nema a kanta yake sauka gaba ɗaya. Zaro ɗan manta ka shinshina. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, kulocin ciki sun riga sun gaji, kuma sabon ƙarfin zai ƙarasa su cikin 'yan watanni.

5. Doka, garanti da kuɗi

Dokar Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ta hana yi wa mota gyaran da ya canza ta ba tare da bin ƙa'ida ba, kuma motar za ta koma wurin fahas, inda ake duba lafiyar motoci, ko ba jima ko ba daɗe. Je ka tambaya kafin ka yi oda, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce. Idan motar tana cikin garantin wakili, ka sa a ranka garantin inji da giya ya tafi. Idan kuwa istimara, wato takardar rajistar motar, ba da sunanka take ba, kada ka taɓa komai sai da yardar mai ita.

Cikakken sabon kaya daga sanannun kamfanoni yawanci yana tsakanin dala 6,000 da 9,000 a inda ake yin sa. A canjin riyal 3.75, wajen riyal 22,500 zuwa 33,750 ke nan, kafin kuɗin jigila da kwastan da harajin kashi 15 cikin 100. Ɗaurawa aikin yini biyu ne a hannun wanda ya iya. Sa warsha, wato gareji, ta rubuta maka farashin kowane abu daban: aikin hannu, barmaja (saitin kwamfutar mota), lokacin daino, fulogi, ruwan sanyaya. Ka kuma ajiye kamar rubu'in kuɗin a gefe, don famfon mai da abin sanyaya man giya da bel na ajiya ba sa cikin kwali a kullum.

Gargaɗi ga mai zuwa tashlih, kasuwar kayan motocin da aka kwance: kwance da arha tana samuwa, amma ka haska fitila cikin bakinta ka duba ƙarafan. Idan fentin da ke jikinsu ya kankare ko ka ga zane-zanen yashi a bangon akwati, yoyonta ya ƙaru, kuma ƙarfin ƙasa ne farkon abin da ya mutu. Juya fulin gaba da baya da hannu, idan ka ji ƙas-ƙas to robar haɗin ciki ta cinye. Sufacajar da ta zo ba biraket, ba tiyo, ba barmaja, ƙarshenta ta fi sabuwa tsada.

6. Fetur: kada lamba 91 ta ruɗe ka

Wannan kuskuren ya ci injina da yawa, ina roƙon a karanta shi sau biyu. Takardar kayan da suka zo daga Amurka takan ce a yi amfani da fetur mai lamba 91 ko sama. Mutum sai ya je gidan mai ya ɗauki koren famfo mai 91 da zuciya ɗaya. Ma'aunin Amurka daban yake da namu. 91 ɗinsu yana daidai da wajen 95 namu, wato jan famfo, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Koren 91 namu daidai yake da 87 ɗinsu, wanda yake na gama-gari ne a wurinsu. Daga ranar da ka ɗaura sufacaja kun rabu da kore. Bambancin ma ba shi da yawa, riyal 2.18 ne da 2.33 a lita lokacin da aka tsayar da farashin a Yulin 2021. Idan barmajar da ta zo da kayan ta 93 ɗin Amurka ce, kada a loda ta a kan 95 sai an sassauta.

Abin da ya sa wannan ya fi damun mai neman ƙarfin ƙasa shi ne, bust mai yawa a juyi kaɗan shi ne yanayin da fetur ya fi saurin fashewa kafin lokacinsa. Ƙarar nan kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ita ce ke fasa gefen fistin. A cikin yashi da taya ke kuka, ba lallai ka ji ta ba.

Ƙarin iska kashi 45 cikin 100 na buƙatar ƙarin mai gwargwadon haka. Tabbatar nozul da famfon tanki za su iya. Injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kamar 5.6 na Patrol mai doki 400 da 5.3 da 6.2 na GM daga 2014, famfonsu mai matsi yana da iyaka, kuma a ƙasan juyi ne yake fara gazawa tunda inji ne ke juya shi. Sa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya, ka matse bakinsa zuwa abin da takarda ta ce, yawanci milimita 0.7 zuwa 0.8.

7. Sanyaya iska da tace ta

Iskar da ta shiga a digiri 45, idan aka matse ta zuwa rabin bar, tana fita a kusa da digiri 100. Ba a ba inji irin wannan. Sufacajar da ke zaune a kan inji tana da 'yar lagireto a ƙarƙashinta ko a murfinta, da famfon lantarki da ke zagaya ruwa zuwa wata lagireton a gaban mota. Wadda ke zuwa cikin kwali an auna ta ne da yanayin wata ƙasa da gudun kwalta. A kan tudu kuwa mota na tafiyar kilomita 20 a awa, inji na aiki iya ƙarfinsa, iska ba ta bugun gaba. Nan ne ruwan ke ɗumama, kwamfutar mota ta janye tartsatsi, sai ka ji motar da ta yi tsalle a tudun farko ta yi laƙwas a na huɗu.

Sa babbar lagireton gaba, ka ƙara tankin ruwa idan akwai wuri, da fanka ta kanta. Kada ka cika shi da ruwan sanyaya tsantsa, ruwa mai tsabta ya fi ɗaukar zafi, a gauraya gwargwadon abin da zai hana tsatsa. Ka tuna wannan sabuwar lagireton tana tare wa ta inji da ta AC iska, don haka su ma sai sun kasance da tsabta. Ƙara wa man giya nasa abin sanyayawar.

Gargaɗi: buɗaɗɗiyar filta mai kamar mazurari da ake shafa wa mai ba ta ƙasar nan ba ce. Tana shaƙar zafin cikin bonet, tana barin ƙura ta wuce. Bayan fita ɗaya ka cire bututun iska ka shafa yatsa a cikinsa. Idan ya fito da gari-gari, wannan garin yana goge ƙarafan sufacajarka. Filtar takarda cikin rufaffen akwati ta fi.

8. Ɗaurawa

Kayan aiki: sifana mai auna ƙarfin ɗauri ƙarama da babba, na'urar karanta kwamfutar mota, ma'aunin bakin fulogi, miƙaƙƙen ƙarfe don duba layin fuli, tef da tsumma masu tsabta.

A fara da karanta barmajar asali a ajiye kwafinta, tun batir na haɗe. Sannan a cire batir, a sauke matsin mai. A wanke saman inji a hure shi kafin a ɗaga manifol, yashin da ya taru a lungunan nan yana jiran ƙofa ne kawai. Da an ɗaga, a toshe kowace kafa da tef nan take. Noti ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya kashe inji. A sa fulogi da nozul da tiyon da za su shige ƙasa tun wuri yana buɗe. A ɗora sufacaja da sabon gaskit, mutum biyu, a saukar da ita a miƙe ba a ja ta. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, zagaye biyu, da ƙarfin da takarda ta faɗa. Notunan nan ƙanana ne, hannun da ya saba da notin taya yakan karya su.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuli ka tabbatar layinsu ɗaya. Cika ruwan sanyaya iska, ka kunna famfonsa, ka leƙa tanki sai ka ga ruwa na dawowa da ƙarfi. Idan yana tofar da kumfa, iska ta maƙale, a ci gaba da fitar da ita. Buɗe makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, ka duba yoyon mai da ido da hanci. Loda barmaja kafin tayarwar farko.

Gargaɗi: akwai ɗan bawul da ke barin iska ta zagaya idan ba ka taka totur ba. Da inji a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, hannunsa ya kasance a janye, idan aka ɗan fizgi totur ya saki ya rufe. Idan ba ya rufewa sosai, bust ɗin ƙasa ya zube. Idan ba ya buɗewa, sufacaja za ta yi ta dafa iska a banza.

9. Barmaja da daino

Ka gaya wa mai barmaja tun farko cewa ba babbar lamba ka zo nema ba. A kulle giya a lamba ɗaya don kada ta sauko da kanta, a fara awo daga juyi 1,800 ko 2,000. Duba ƙarfin murɗawa a 2,000, 2,500 da 3,000, ka kwatanta da awon da aka yi kafin ɗaurawa. Idan ba a yi wancan awon ba, ba ka da abin kwatance, don haka ka biya kuɗinsa tun a mataki na huɗu.

A yi ja uku a jere ba hutu. Na ukun shi ne gaskiyar motarka. A rubuta zafin iskar da ke shiga inji, da yadda kwamfuta ke janye tartsatsi, da matsin mai, da gaurayen iska da mai, wanda a ƙarƙashin bust ake so ya zauna wajen 11.5 zuwa 12. Tabbatar na'urar auna zafin iska tana bayan sufacaja. Idan an bar ta a gaba kusa da filta, kwamfuta za ta ga 45 alhali inji na shan abin da ya fi haka sosai, ba za ta kare shi ba.

A gyara barmajar giya ma, a ƙara matsin kamunta, a sa ta sauko da wuri maimakon ta riƙe babbar giya a juyi 1,300 kana taka mata kaya.

Gargaɗi: barmajar da aka yi a sanyin Janairu ba ta san Yuli ba. Idan da hunturu aka yi aikin, a bar sarari, sannan ka dawo da zafi ya kama a sake dubawa.

10. Makonnin farko

Yi 'yan kwanaki kana tuƙin gari kafin ka shiga yashi, kana duba ruwa da yoyo kowace safiya. Buɗe bonet ka dubi gaban sufacajar. Idan ka ga baƙin gari ya kwanta kusa da fuli, bel na zamewa, ko layi ya kauce ko abin ɗaure bel ya yi sanyi. Alamarsa a tuƙi ita ce bust ya hau sannan ya faɗi a sama. Bel mai layi 6 yana isar psi 6 zuwa 7, wanda zai wuce nan ya nemi mai layi 8. Ajiye bel na biyu da sifanarsa a mota, domin a yawancin kayan nan bel ɗin da ke jan sufacaja shi ke jan dinamo da famfon ruwa.

Rage tazarar juyen baƙin mai, ka riƙa duba filtar iska bayan kowace fita daji. Sufacaja tana da nata man daban a hancinta, ba ya haɗuwa da na inji, kuma irin wanda kamfaninta ya ce kawai ake zuba mata. Bayan hawan tudu mai tsanani kada ka kashe mota nan take, bar ta a silo minti biyu ko uku famfo da fanka su zagaya ruwa su kwashe zafin.